Kawu da Tsohuwarsa Mai Wayar Birki

Ƙarshen zafi ne, lokacin da gajimare ke taruwa bisa duwatsu da la'asar, ya yi ta cika baki, sannan ya watse bai zubar da komai ba. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba a Sersouf, unguwarmu a garin Tamanrasset. Aikin gini ya ja baya, kowace safiya sai ka ji an kwashe su wane an kai su bakin iyaka, ko kuma su wane sun tafi da ƙafarsu arewa, wajen teku. Mata sun rage dariya a bakin famfo. A cikin wannan hali ne Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, bayan ciwon ƙirji da bai taɓa yarda ya kira shi ciwo ba.

Na zauna cikin mata a tsakar gida ina karɓar gaisuwa, kunnena kuma yana waje wurin maza. Limamin unguwa ya ce kafinta ne mai amana, ƙofar da ya yi wa masallaci har yau ba ta taɓa ƙara ba. 'Yan kasuwa mutanen Maradi suka ce ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya yafe masa wannan hayaniyar." Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Sai ga samarin. Daga wurin gini suka zo, siminti bai bar ƙafafunsu ba, suka jeru jikin bango sun rasa inda za su zauna. Wasu ban taɓa ganinsu ba. Wani ƙato a cikinsu ya rufe fuska da hula yana kuka kamar wanda aka yaye jiya. Abokin Kawu kuwa, Ba'abzinen nan na unguwar Tahaggart mai kaɗa jita, rawaninsa ya ja har ido ya zauna ƙofar shagon Kawu shi kaɗai.

Aka yi ta zuwa ana tafiya, ba wanda ya ambaci kiɗa da sunansa. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, ko da yake hannuna ba ya sauri. Idan ban rubuta ba, nan gaba za a ce wani kafinta ya yi zamani a unguwar nan, shi ke nan an gama da shi.

Kawu ya bar Damagaram tun ban yi wayo ba. Ya yi dako a bakin teku, ya ƙetare, ya yi wasu shekaru a ƙasar Turawa waɗanda ba ya son ba da labarinsu. Abu ɗaya kawai yake faɗa da daɗin rai, wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda yake shara da ɗaukar kaya. A can wasu samarin Turawa masu gashi a tsaye kamar zankon zakara suke wani kiɗa mai gudu, suna waƙar gawa da aljanu suna tsalle. Saikobili ake ce wa kiɗan.

"Ɗiyata," ya ce mini wata rana, "da na fara jin su na ce, yaran nan tsoro ne ya ishe su, sai suka juyo suka yi masa gwalo. Ni kuwa lokacin ba abin da nake da shi sai tsoro."

Da aka maido shi, kunya ta hana shi isa gida hannu wofi. Ya tsaya Tamanrasset da kaset-kaset cikin jaka, ya kafa shagon kafinta.

Cikin kayan wannan kiɗa akwai wata babbar garaya mai tsayin mutum wadda ake kaɗawa a tsaye. Babu irinta a garin nan, sai ya ce zai yi tasa. Katakon da magina suka gama zuba siminti da shi ya tsinto, tsirkiyoyin kuma wayar birkin babur. Ba shi da abin lanƙwasa katako, sai ta fito da kusurwoyi, faɗi a kafaɗa, a tsuke a ƙafa, sak akwatin da Nasara ke sa mamacinsu. Kowa ya gani sai ya ja da baya yana a'uziyya. Kawu ya kewaye ta ya ce ai haka ma ta fi. Tsohuwa ya raɗa mata. Kuma ba kaɗa ta yake yi ba, marinta yake. Ya fizgi waya ya sake ta ta bugi katako, ka ji abin a haƙarƙarinka ko kana gida na uku.

Su uku suka fara, shi da mai jita da wani yaron Agadas mai ganga, suka sa wa kansu suna Fatalwar Hamada. Bikin farko da aka kira su, wani ɗan kasuwa ne ya yi tsammanin irin jitar nan ce mai sanyi ta Abzinawa. Suna hawa suka ɗauko waƙar wani magini da ya faɗa cikin siminti aka gina bango da shi, yana ta fito daga ciki yana hana mai gida barci. Uwar amarya ta fito da muciya. An ce an ga Kawu yana gudu cikin lungu da Tsohuwa a goye. Har ya tsufa yana cewa, "Mu bikinmu na farko, muciya aka liƙa mana."

Daga nan suka koma bayan shago, kowace Alhamis bayan la'asar, da yake Juma'a ba aiki. Samari suka fara zuwa. Su tsayar da gashinsu da sabulu, su yi ta ture juna suna ihu, mutanen da tun Asabar suke sunkuye ƙarƙashin buhun siminti. Waƙoƙin suka bi kaset, daga baya suka bi talho, wato wayar hannu, har direbobin Agadas suka san su. Akwai ta aljanar da ta tare mota tana neman a rage mata hanya. Akwai ta ƙwarangwal da ya ƙi kwanciya sai an ba shi shayi na uku. Kawu kansa ba shi da gashin tsayarwa, hula yake sa wa sanƙonsa, ya fito da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Sau ɗaya aka gayyace su ƙauyen Mertoutek, bikin masu lambu. Suka ɗaure Tsohuwa bisa mota. A hanya jandarma suka tsayar da su suna tambayar takardar gawa. Kawu ya yi bayani da Larabcinsa na kasuwa, ba su yarda ba, sai ya sauke ta nan bakin hanya ya mare ta. Ya ce babbansu har da kaɗa ƙafa, yana ɓoyewa. A Mertoutek kuma akuyoyi ne suka fara watsewa, tsofaffi suka bi bayansu, amma yara suka hana su tashi.

Wani Bature ya taɓa zuwa da na'urar ɗaukar murya. Ya so su naɗa rawani dukkansu, su rage gudu, su zauna bisa rairayi ya ɗauki hoto. Ya ce haka ake so a can. Kawu ya ba shi shayi, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ka je Tahaggart, akwai masu wannan, sun fi mu iyawa. Mu magina muke yi wa." An kuma taɓa kiran su babban birni, ba su je ba, don rabinsu ba su da takardun zama. Ban ga abin ya dame shi ba. Mai jita ne ya yi wata guda ba ya yi masa magana.

Ni kuwa da mijina na iso garin nan, ɗanmu yana tatata. Bayan shekara biyu mijina ya ce zai gwada arewa, in ya ƙetare zai aiko. Har yau ba gawa, ba labari. Kawu ya zo da amalanke ya kwashe 'yan kayanmu ya sa mu a ɗakin da ke jikin shagonsa. Bai taɓa ce mini ya mutu ba, bai taɓa ce mini zai dawo ba. Gado ya yi wa yaron, duk lokacin da ƙafarsa ta fara leƙowa sai ya ƙara masa katako. Gadon nan yana nan, kala uku.

Tsakaninsa da ɗana wasan kaka da jika ne. Kawu ya ce masa, "Kai mai hannun fura, riƙe mini ƙusa." Yaron ya ce, "Tsoho, ka bi a hankali, Tsohuwarka ta fi ka numfashi." Ina jin su ina murmushi, har ranar da na dawo daga kasuwa na ji gangar bayan shago ta sake hannu, na leƙa na ga ɗana ne, gashi a tsaye.

Ban saba ɗaga murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Kawu, a gidanmu ba a gaji roƙo ba."

Ya ce, "Wa muka roƙa? Mu korarmu ake yi."

Samarin suka yi dariya. Na ce, "Amana na ba ka. Ka mayar mini da shi abin nuni a unguwa."

Sai ya sallami kowa, ya jawo mini kujera, shi ya zauna bisa buhun ƙaiƙayin katako. Ya ce, "Kin san wanda ya zo nemansa shekaranjiya? Mai motar arewa. Har sun yi magana."

Na zauna bisa kujerar da ya jawo mini.

Ya ce, "Wa'azi ba ya riƙe su, ɗiyata, na gwada. Ni ma an yi mini wa'azi na tafi. Amma yaron da ke da kiɗa ran Alhamis ba ya hawa mota ran Laraba."

A ranar ya bayyana mini yadda yake yi. Ba ya koya wa yaro waƙa dukkanta. Rabi yake ba shi, ya ce sauran sai mako mai zuwa. In ya ga idon wani ya fara duban hanya, sai ya ce akwai biki nan gaba kaɗan kuma ba mai riƙe gangar sai shi, ko da kuwa bikin bai samu ba tukuna, daga baya ya shiga gari yana nema. Ya ce in aka ja yaro mako-mako har ya iya sana'a ko ya yi aure, wani lokaci zafin tafiyar yakan sauka da kansa.

Na ce, "Wani lokaci?"

Ya ce, "Wani lokaci."

Na tashi na fita. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Amma daga Alhamis ɗin nan na fara dafa musu shinkafa da wake ina aikawa.

Ba duka ya riƙe ba. Masu gangar Fatalwar Hamada sun fi a ƙirga da yatsun hannu, don kujerar nan ita ce ta fi saurin zama wofi. Wasu sun yi aure suna nan cikin gari, su ne suka ɗauki makararsa. Wasu sun tafi an ji muryarsu daga can. Wasu kuma labarinsu ne ya dawo. In irin wannan labari ya zo, Kawu yakan rufe shago yini guda, ba ya cin abinci. Alhamis ta zagayo sai ya fito da sabuwar waƙa wadda ta fi duka ban dariya, yana marin Tsohuwa har yatsunsa su fashe. Na daɗe ban gane wannan ba.

Ɗana dai ya zauna. Shekaru ya yi a kan gangar nan, da rana yana ɗora bulo. Da ciwo ya ci ƙarfin Kawu ya kasa tsayuwa, sai ya miƙa masa Tsohuwa, shi ya koma kan kujera yana gyara masa hannu da sanda. "Ba shafa ta za ka yi ba, ba amarya ba ce." Akwai wani bugu mai ninki da ake yi da tafin hannu, wanda ɗana ya yi ta roƙo a nuna masa. Kawu ya ce sai ya ji sauƙi. Ban sani ba ko dabarar ce, ko kuwa da gaske hannun ne ya gaza.

Bayan an rufe shi da kwana biyu ɗansa ya iso daga Damagaram. Ɗa ɗaya ke gare shi, na auren ƙuruciya, wanda ya tashi bai san uban ba sai a hoto. Malami ne mai sanyin hali. Da ya shiga shagon ya ɗauki zarto da guduma yana shafawa. Da ya ga Tsohuwa jingine a kusurwa sai ya zauna ƙasa ya yi kuka.

Da ya fito ya tara maza ya ce abin da aka karantar da shi ke nan, duk ranar da aka kaɗa wannan abu, nauyinsa yana komawa kan wanda ya ƙera shi, ko yana kabari. Ya ce bai yi wa ubansa komai ba yana raye, ko ruwan alwala bai taɓa miƙa masa ba, wannan kaɗai ya rage da zai iya. Ranar sadakar bakwai za a faskara ta a sa a murhu. Liman ya ce malamai sun saɓa a kan maganar, amma magaji shi ke da iko. Ɗana ya ce, "Baba, ka bar mini ita, na ɗauki nauyin." Aka ce masa yaro ba ya sa baki.

Mace ba ta shiga zaman maza. Amma ni da ɗan Kawu taubasai ne, ɗiyar mace da ɗan namiji, kuma taubashi yana da ƙofar da ba a rufe masa. Yana iya faɗin abin da wani ba zai faɗa ba, yana iya ɗauke abu a gidanka ya ce ya ci, a yi dariya a bar masa. Na yafa mayafi na fita, na tsaya daga nesa na ƙaƙaro murmushi.

Na ce, "Bawana, ka zo garin uwargijiyarka ba ko tsaraba? To na ƙwace wancan katakon, ya zama nawa."

Wani tsoho ya fara dariya, ya ce ai kuwa ta ci. Na ga fuskar ɗana ta ɗago.

Ɗan Kawu ya dube ni, idonsa jawur. Ya ce, "Yaya, ki ɗauki shagon. Ki ɗauki ɗakin, da duk abin da ke ciki, wallahi na bar miki. Amma yau ba ranar wasa ba ce. Ubana ne a cikin ƙasa."

Na ce a hankali, "Ni kuma ɗana ne a bisanta."

Bai gane ba, kuma ba wurin da zan yi masa bayani a gaban mutane. Daga baya na same shi shi kaɗai na faɗa masa komai. Ya saurara, ya share hawaye, ya ce rai da tafiya duk a hannun Allah suke, waya da katako ba sa tsare kowa. Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Ranar bakwai ba wanda ya yarda ya ɗaga gatari cikin samarin, ɗan Kawu ya yi da kansa yana bisimilla. Da ya sari Tsohuwa wayoyin suka yi wata ƙara, mata suka toshe kunne. Ni ce a bakin tukunyar sadaka, don haka ni aka kawo wa itacen. Katakon ya sha siminti tun asali, bai ci wuta da kyau ba, hayaƙi ya yi ta yi. Ya yi mini rana, don ba wanda ya tambayi dalilin hawayena. Ɗana yana tsaye jikin bango har wuta ta cinye ta. Da aka raba abinci bai karɓa ba.

Ɗan Kawu ya koma gida da zuciya a sake, ya bar mini makullin shago. Ban riƙe shi da komai ba. Allah ya sa abin da ya yi niyya ya isa ga ubansa.

Bayan kwana biyu ɗana ya shigo da azahar ya durƙusa nesa da tabarmata. Ya ce, "Inna, akwai mota yau da la'asar."

Na ce, "Mai jita yana nan. Gangarka tana nan."

Ya ce, "Wa zan duba in na yi kuskure?"

Na ce, "Ubanka ma haka ya durƙusa a gabana."

Ya ce, "Na sani. Ki yafe mini, ki sa mini albarka."

Na yi tunanin in hana shi albarkar, ko zai ji tsoro ya fasa. Na dubi wuyansa na ga ya riga ya tafi. In na hana, zai shiga hamada da teku ba tare da ita ba, shi ke nan abin da zan samu. Na ɗora hannu bisa kansa na faɗi abin da uwa ke faɗa. Na ƙulle masa dabino da ƙuli-ƙuli. Ban raka shi ba, ya ce kada in zo.

Kawu, ka riƙe mini shi iyakar numfashinka, ban taɓa yi maka godiya da baki ba. Allah ya dubi 'ya'yan mutane da ka tsare, ya auna maka da su. Ya yalwata maka wurin kwanciya, ya sa ka tarar da waɗanda suka kuɓuce maka cikin rahama.

Washegari, Alhamis, da na idar da sallar asuba na ɗauki tsintsiya na buɗe shagon, na share bayansa, na yayyafa ruwa. Na aika wa mai jita cewa ina nemansa bayan la'asar, ya zo da jitarsa. Sannan na yafa mayafi na taka har bakin gudron, babban titin kwalta, inda samari ke zama da shebur da cokalin gini suna jiran mai ɗauka aiki. Ban taɓa tsayawa a wurin ba. Da suka gan ni suka miƙe, waɗanda ke shan taba suka ɓoye ta a baya.

Na ce, "Bayan shagon Kawu a buɗe yake. In kun tashi aiki ku biyo."

Ƙaton nan da ya yi kuka ran rasuwa ya ce, "Inna, da me za mu kaɗa?"

Na ce, "Ban sani ba. Ku dai ku zo, zan ɗora tukunya."